Makin da na ƙi rage wa Rakiya

Har yau ranar da muka zauna duba aikin Rakiya ba ta fita daga raina ba. Lokacin ina koyar da Faransanci a wata makarantar sakandare a Filinge, ajin kusa da na ƙarshe. Ga waɗanda ba su san tsarin ba: kowane ɗalibi yakan zaɓi wata matsala ta gari, ya bincika, ya kawo ta a siga daban-daban, hira da mutane, zane, waƙa, sannan rubutun da zai kare ra'ayinsa da hujja. Malamai uku ke dubawa, maki a kan ashirin, da goma ake hayewa.

Rakiya ɗiyar wani makiyayi ce daga ƙauyukan Kurfai. Sai ta zaɓi katangar makarantarmu, wadda aka faɗaɗa har ta toshe burtalin da shanu ke bi zuwa rijiya. Ta zana tsohuwar hanya da zagayen da ake yi yanzu, ta ɗauko muryar dattawan makiyaya a waya, ta tsara waƙa da bakin saniya mai ƙishirwa. Ta kuma je wajen mai gadi, ya ba ta labarin yaron da wani bijimin sa ya tunkuya a farfajiya kafin a yi ginin. Ba ta ɓoye wannan ba. A ƙarshe ta ce a bar katangar, amma a ja kusurwar gabas baya don a buɗe burtalin.

Ni ina cikin waɗanda suka matsa a yi katangar nan. Duk da haka sha bakwai na ba ta.

Mataimakin shugaban makaranta, wanda muke kira sansar, yana cikin masu dubawa. Ya ture aikin gefe.

"Malam Idi, takwas ta ishe ta. Yarinya ce za ta koya muna inda za mu sa katanga?"

"Ranka shi daɗe, wace hujja tata ce ƙarya?"

"Ba zancen ƙarya nake ba, zancen ladabi nake. Kuma waƙa ba bincike ba ce."

"Mu muka ce su kawo waƙa. Kuma ba mu ce musu banda makaranta ba."

Ya dube ni. "To mu haɗu a kan goma, mu sa hannu, a wuce wurin."

Na ajiye biro. Na ce in ana son goma, a nemo wani ya rubuta, ni hannuna ba zai hau ba. In shugaba ya tambaya, a gabansa ma haka zan faɗa.

Ta ukunmu, Malama Hajo, ba ta daɗe da kama aiki ba, kuma sansar ne ke rubuta rahoto a kanta. Tun da aka fara kanta na sunkuye. Sai ta jawo takardar ta rubuta sha shida. Sansar ya rubuta takwas ɗinsa. Aka haɗa aka raba, Rakiya ta haye.

Da aka dawo hutu aka karɓe ajin daga hannuna, aka mayar da ni ƙananan azuzuwa. Ban je roƙon kowa ba.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku sani: duk malamin da ya ce wa yaro ya kawo hujja, wata rana hujjar a kansa za ta sauka. Ranar ce za a gane ko da gaske yake koyarwa.