Na Je Ɗauko Yaya Talatu

Daga Kano zuwa Kura

Ana sallame asuba na fito. Inna ta rako ni har zaure tana maimaita saƙonta: in je in ɗauko Yaya Talatu da 'ya'yanta, kada in dawo ni kaɗai. Tun da mijin Yaya ya rasu take zaune a gonarsa ta rani, can ɓangaren Bunkure. Fetur ya yi tsada, injin ban ruwansu ya daina tashi, Inna kuwa ta daina barci. Har an sami wanda zai karɓi hayar gonar.

Na hau bas ta hanyar Zariya. A shingen bincike aka leƙa mu, aka ce mu wuce. A Kura na sha kunu da ƙosai kusa da wani injin casar shinkafa, ƙaiƙayi na faɗa mini a kofi.

Bakin kanal

Daga nan sai acaɓa. Muka bi gefen kanal, ruwan yana raguwa muna tafiya. Na ga fangulan tumatir sun yi yaushi, injina a ajiye an rufe su da buhu.

"Wajen mai tuluna za ka?" in ji ɗan acaɓan da na ambaci sunan Yaya. "Ai da mun ɗauka taɓuwa ta yi."

Raina ya sosu, amma na ƙyale shi, don shi ke riƙe da kan babur.

Gonar

Na sami Yaya a durƙushe cikin albasa. Gonar ba ta da kyan gani, gaskiya. Bambaron shinkafar da maƙwabta ke ƙonawa ta kwaso ta lulluɓe ƙasa da shi. Zogale ne shinge, ga gwanda, ga rama da kuɓewa a cakuɗe, agwagi na yawo kamar su ne masu wurin.

"Ɗan birni, tura hannunka nan," ta ce.

Na tura ƙarƙashin bambaron. Ƙasar da sanyi, da laima, ga rana ta take. Ta nuna mini tsofaffin tuluna da ta roƙo gida-gida ta binne a gindin shuka. Cika su take yi ta rufe, ruwan na tsattsafowa a hankali.

Muna cin dambun zogale mai son hayar ya iso, wani Alhaji mai fara'a. Ya ce shinkafa zai zuba, sai dai a fara tumɓuke bishiyoyin don tarakta ta shiga.

"Alhaji, Allah ya ba ka wata," in ji Yaya. Da ya tafi ta dube ni. "Ka gaya wa Inna, in na koma Kano gawayi ma sai na saya. Nan karan rama nake hurawa."

Na kasa isar da saƙon yadda aka ba ni. Tausayinta na zo da shi, sai ga shi ina jin kunyarta.

Komawa

Bayan la'asar na kamo hanya da buhun albasa da gwanda biyu. Na iso gida lafiya, godiya ga Allah da ɗan acaɓan da ya jira ni. Inna ta leƙa bayana, ba ta ga kowa ba.

"Ta rame?"

"A'a, Inna."

"Yaran suna ci?"

"Har da ƙari."

Ta daɗe tana juya gwanda a hannunta. Sannan ta tashi ta shiga ɗaki, na ji tana jan wani abu a ƙarƙashin gado. Ta fito da tulun aurenta, ta dire a gabana.

"Ran Juma'a ka kai mata wannan."