Ƙullin Illo da Ya Sauka a Garkar Hawa

Da an sallame sallar asuba a Zongo, Illo ba ya tsayawa dogon gaishe-gaishe. Yakan naɗe ƙafar wando, ya haye tsohon kekensa, ya miƙi hanyar filin jirgin Yamai. Shekara ashirin da takwas ke nan yana wannan tafiya, tun zamanin Faransawa har bana da muka cika shekara goma da mulkin kai, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Da yawanku ba ku taɓa jin sunansa ba, kuma ba laifinku ba ne, aikinsa ba irin na shiga radiyo ba ne.

A meteyo, wato ofishin masu duba yanayin sama, Illo ba ya karatu, ba ya rubutu. Nasa shi ne ya haɗa iska a wata tukunyar ƙarfe mai zafi da hatsari, ya hura ƙaton balo na roba har ya fi shi tsawo, ya rataya masa ɗan akwati da 'yar laima, ya sake shi sama. Akwatin ke aiko wa masu ilimi labarin iska da sanyi, da shi matuƙan jirgi ke sanin ko su tashi ko su haƙura. In balo ya kai iyakarsa sai ya fashe, akwatin ya sauko can daji inda ba mai gani. Turawa sun koya masa nasu ƙullin igiya, ya gwada sau biyu bai kwanta masa ba, ya koma wa ƙullin wasaki, wanda ubansa ya koya masa don ɗaure babban guga a rijiyoyin Dogondutsi masu gaba talatin. Ƙulli ne da nauyi ke ƙara wa ƙarfi, amma ja ɗaya ke kwance shi a hannun wanda ya san kansa. Kuma duk ranar Allah, in zai saki igiya, sai ya ce, “A sauka lafiya.”

Hankalinsa kwance yake da sama har shekara ta biyar da mulkin kai, lokacin da aka kawo musu sabon shugaba, Markus, mutumin Maradi da ya yi karatu a Dakar. Mutumin kirki ne, aibinsa ɗaya, in ya san abu sai kowa ya sani. A lokacin radiyo na ta labarin Rasha da Amirka suna harba na'urori sama, har an ce wata ta je ɗauko hoton jan tauraro don a duba ko da mai rai. Wata hantsi Markus ya kira Illo ya shimfiɗa masa jarida. A cikin baƙin hoto ga wani farin abu ya murɗe, kamar an juya ludayi a ƙwaryar fura.

“Baba Illo, ka san farin layin nan da ke ratsa sama? Taurari ne, kowane ɗaya rana ce irin tamu, sun fi dubu sau dubu sau dubu. Garke guda ke nan, mu muna ciki. Wannan na hoto wani garken ne daban. Irinsu kuma ba wanda ya gama ƙirgawa.”

Illo ya tambayi abin da kowane matafiyi zai tambaya, yana kiransa Mushe, yadda Faransawa ke cewa malam. “Mushe, zango nawa na zuwa can?”

“Ko raƙuminka na gudun walƙiya, sai ya shekara miliyan biyu a hanya.”

Illo ya cire hula ya sosa kai. Shi inda ya tashi, ba a barin fili haka kawai, duk inda ƙasa ta buɗe wani zai zo ya gina rijiya ya kafa bukka. “To duk wanga fili, ba kowa ciki?”

“Masana na nema. Ba su gani ba, ba su kuma ce babu ba.”

Wannan amsa ita ta ɗaure wa Illo kai, kuma har yau ba ta sake shi ba. Da an ce akwai, da ya yi tasbihi ya ci tuwonsa. Da an ce babu, haka nan. Amma a ce manyan duniya da na'urorinsu suna lalube kamar mai neman allura a rairayi! Shi kuma da yake tsammani kullum saƙonsa na kaiwa ƙurewar sama, ashe ko bakin zaure bai fita ba. Daga ranar ya ƙara wa sallamarsa 'yar jela, a hankali don kada Markus ya ji: “A sauka lafiya. In ka iske mutane, ka gaishe su.”

Ana nan cikin ɗari, lokacin da garake, wato lambuna, ke kore shar a bakin kogin Isa, sai iska ta yi abin da ba ta saba ba. Wani akwati, maimakon ya wuce daji, ya sauko da laimarsa da rana tsaka a unguwar Yantala, tsakiyar garkar wata bazawara mai suna Hawa, mutuniyar Filinge. Da ganyen salati da tumatirin wannan garka take ciyar da 'ya'ya huɗu. Ta ɗauki abin ta jujjuya, ta ajiye. Kafin la'asar labari ya gama unguwa cewa mutanen sama, waɗanda radiyo ke faɗa, sun jefo alama, kuma Hawa ta taɓa da hannunta. Aka kewaye akwatin da ƙaya. Isaka, babban masu garka, wanda rijiyar da kowa ke ban ruwa da ita ke hannunsa, ya ce gugan Hawa ba zai sake shiga ciki ba sai an san mene ne. Ba mugu ba ne Isaka, tsoro ne, kuma tsoro ba ya tambaya.

Kwana biyu ganye bai sha ruwa ba. Duk mai garka ya san na uku shi ne ajalinsa. A safiyar na ukun labari ya iso meteyo ta bakin wani direba, Markus kuma ya yi tafiya Zinder. Wasu suka yi dariya suka koma ga takardunsu. Illo bai yi dariya ba, don hannunsa ne ya saki abin. Ya gama balon safe, ya hau keke ya ratsa Yamai daga wannan gefe zuwa wancan, cikin rana, da shekarunsa hamsin da ɗoriya.

Ya iske Hawa zaune a bakin kunyar shuka, ta zuba tagumi, ganye ya kwanta kewaye da ita. Maza sun yi cirko-cirko daga nesa. Ya yi sallama, ya ce shi ma'aikacin meteyo ne, akwatin nan nasu ne. Da ya tsaya nan, wataƙila da an gama. Amma Illo ya ga taro, ilimin Markus kuma na ta motsi a cikinsa, sai ya ce bari ya kwantar musu da hankali da nisan sama. Ya kawo garken taurari, ya kawo raƙumi mai gudun walƙiya, ya rikita miliyan da dubu, ya koma ya gyara. Wanda bai gane abu ba yana koya wa waɗanda ba su tambaya ba, sai Allah ya kyauta.

Isaka ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “Sannu, malam, mun gode. Watau saman ta fi yadda munka zata girma. To rantse muna, don girman Allah, ba kowa can.”

Garin neman gira za a rasa ido. Illo ya dubi Hawa, ta ɗago tana kallon bakinsa. Kalma ɗaya ce, “babu”, da ita ruwa zai koma kunya. Amma sai ya ce, “Ban sani ba. Wallahi ban sani ba, kuma waɗanda sunka fi ni ba su sani ba.”

Wuri ya kaure. “Kun ji ko! Shi ma bai musa ba!” Hawa ta rufe fuska da gyale. Illo ya ji kunya da baƙin ciki irin wanda bai taɓa ji ba, ya zo gyara ya ƙara ɓatawa. Sai ya ce a ransa ko ba komai ya ɗauke mata wannan masifa daga gona. Ya janye ƙaya, ya durƙusa, ya kama bakin igiyar da ta haɗa akwati da laima, ya ja sau ɗaya, ta warware.

“Tsaya!” in ji Isaka. Ya matso, shi da ya kwana biyu bai yarda ya kusanci wurin ba. “Mi ka yi yanzu? Maida shi yadda yake.”

Illo ya maida, ba tare da ya duba hannunsa ba. Isaka ya tsuguna ya ƙura wa ƙullin ido, ya kira wani tsoho, tsohon ya kira wani. Rabin masu garkar nan daga Arewa da Kurfai suka zo, yankunan Dogondutsi da Filinge, da wasaki aka yaye su. Isaka ya sa yatsa ya ja, ya kwance. Sai ya tuntsire da dariya har ya zauna a ƙasa.

“Jama'a, wanga ƙullin wasaki na! In mutanen sama sunka ɗaura shi, to 'yan Dogondutsi na!”

Gani ya kori ji. Abin da garken taurari ya kasa, guntun igiya ya yi. Isaka da kansa ya ɗauko gugan Hawa, ya ce mata, “Ki yi haƙuri, ƙanwata, mun zalunce ki.” Illo ya tuɓe riga ya kama ja, su biyu suna ɗebowa tana zubawa, har rana ta yi sanyi. Kunya biyu sun riga sun mutu, sauran suka miƙe.

Baba Illo, kai ne aka ba ka zaɓi tsakanin ƙarya mai sauƙi da gaskiya mai ciwo, a gaban mace mai kuka, ka ce ba ka sani ba. Kai ne kuma ba ka tsaya nan ka wanke hannunka ba. Na Arewa, mai saki da sallama, mun gode. Jiragen da suka sauka lafiya shekara ashirin da takwas ba su san sunanka ba, amma a Yantala har yau ana kiran ƙullin nan ƙullin Illo. Allah ya saka maka, ya ba ka hutu mai albarka. Ku kuma matasan da ke cika ofisoshinmu da takardun Dakar da Paris, ku koyi wannan: in ba ku sani ba ku faɗa, in abin da ya fita daga hannunku ya faɗa wa wani, ku hau keke ku je.

Makon jiya Hawa ta kai masa kwandon tumatir har filin jirgi, kamar yadda take yi kowace shekara. Ta iske shi riƙe da igiya, ta tsaya har ya saki balo, ta ji abin da ya raɗa masa.

“Baba Illo, har yanzu kana gaishe su? Wani ya taɓa amsawa?”

Ya bi balon da ido har ya zama ɗigo, ya girgiza kai.

“Ni dai har gobe ban gane ba, Hawa. Ko suna can, ko ba su can. Dubu nawa na aika, guda ɗaya tak ya dawo da labarin ya iske mutum.” Ya miƙa hannu ya karɓi kwandon. “Ke ce ya iske.”