Ƙaryar Da Na Yi Wa Tsohon Tela A Komoro

Ni mutumin Adar ne, an haife ni a wani ƙauye cikin duwatsun bayan Garhanga. Mahaifina Azne ne, wato yana kan addinin kakanni. Shi yake yanka baƙin bunsuru a gindin dutsen garinmu kowace shekara kafin shuka, kuma in ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina wurinsa ake zuwa. Ba ya salla, bai kuma taɓa hana kowa yi ba. Lokacin da nake tasowa rabin garin sun musulunta, kuma in muka je cin kasuwar Kaita nakan ji yadda ake faɗin kalmar Azna, a ɗan taɓe baki.

Ana cikin ƙarshen babban yaƙin Turawa aka kama ni soja. Aka tara mu a Madawa, likita ya duba haƙoranmu, ya bubbuga mana ƙirji, aka ba mu kaki da jar dara. A bariki na koyi salla. Wanda ya koya mini wani soja ne ɗan garin Tama da ya girme ni da shekaru, nake ce masa yaya. Shi ɗan malami ne na gaske. Ya nuna mini alwala, ya biya mini Fatiha da gajerun surori biyu har suka zauna. In muna hira yakan ba ni labarin mahaifinsa: rumfar karatunsa da ke bakin fadama, da Alƙur'aninsa na rubutun hannu a cikin gafaka ta jar fata, da yadda yake haɗa tawadarsa da kansa da ƙaro. Nakan saurara ina jin wani abu mai kama da hassada.

Bayan shekara biyu aka zuba mu cikin jirgin ruwa, aka ce Madagaskar za a kai mu. Mun daɗe a kan teku har na daina ƙirga kwanaki. Saura kaɗan mu isa sai injin jirgin ya samu matsala, aka ja shi ya tsaya a gaban wani tsibiri daga cikin tsibiran Komoro. Farkon kaka ne a lissafinmu. Na tuna na ce wa yaya, yanzu haka a gida an fara gasa tumu.

Sarzan ɗinmu, wato sajen da ke shugabantarmu, ya raba mu kashi-kashi, kowane kashi ya sauka da hantsi ya komo kafin faɗuwar rana. Ranar da aka fara sauke ni, yaya yana gadi, don haka ni kaɗai na shiga gari.

Ban taɓa ganin ƙasa irin wannan ba. Duwatsun bakin teku baƙaƙe ne ƙirin, bayansu kuma tudu ne kore shar har sama, duk kwakwa da ayaba. An shanya kanumfari a kan tabarmi a ƙofar gidaje, ƙamshinsa ya cika lunguna. Lungunan nan kuwa mutum biyu ba sa jerawa a cikinsu. Mata suna shafa wani farin gari a fuska. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kowa Musulmi ne, daga masunci har mai sayar da gawayi. Da azahar ta yi na ji kiran salla daga wani farin masallaci da ke kallon ruwa, na cire takalman soja na shiga.

Bayan an sallame, wani tsoho da ke gefena ya kama hannuna. Siriri ne, mai farin gemu, da hula mai ƙananan huji da aka zagaye da zare. Ya yi mini magana da harshensu ban ji ba, sai ya juya zuwa Faransanci. Ashe ya yi aikin jirgin ruwa da ƙuruciyarsa. Nasa Faransancin na jirgi ne, nawa na bariki, amma mun fahimci juna.

Ya ce, "Ɗana, daga wace ƙasa?"

Na ce daga ƙasar Hausa, arewa da Sakkwato.

Fuskarsa ta washe. Ya ce ya yi aikin hajji, kuma a Makka ya ga mutanenmu, waɗanda suka tako da ƙafa shekara da shekaru. Ya ce bai taɓa ganin masu riƙon addini kamarsu ba. Sannan ya tambaye ni, "Mahaifinka malami ne?"

Na ce, "I, Baba. Shi ne limamin garinmu."

Ban shirya faɗin haka ba. Mutane sun kewaye mu suna kallona da girmamawa, abin da ban taɓa samu ba tun da na sa kaki, sai kawai maganar ta fito.

Tsohon tela ne, huluna yake ɗinkawa. Ya ja ni zuwa gidansa, ya zaunar da ni a kan tabarma a shagonsa, aka kawo shinkafa da aka dafa da madarar kwakwa, da kifi, da ɗanyar ayaba dafaffiya. Ya hana ni wanke hannu da kaina, shi ya zuba mini ruwan. Muna ci yana tambayata game da mahaifina, ni kuwa ina ba shi amsa. Na ba shi labarin rumfar karatu a bakin fadama. Na ba shi labarin gafaka ta jar fata, da tawadar ƙaro. Mahaifin yaya na ɗauko ɗungurungum na mai da shi nawa. Duk wanda ya leƙo shagon sai tsohon ya nuna ni ya faɗa masa wani abu da harshensu, mutumin ya sunkuya ya gaishe ni da hannu biyu.

Fita ta biyu tare da yaya muka sauka. Na so mu bi wata hanya, amma garin ƙarami ne, tsohon ya hango mu daga shago ya kira ni. Muka zauna, aka kawo kofi mai ɗaci a ƴan ƙananan kofuna. Sai tsohon ya juya wajen yaya ya ce, "Ka san mahaifin abokinka? Ya ce mini da hannunsa yake haɗa tawada, kuma Alƙur'aninsa yana cikin jar fata."

Yaya ya ajiye kofinsa a hankali. Ya dube ni, ni kuwa ina kallon tabarma.

Ya ce, "Na san shi, Baba. Mutumin kirki ne."

Muna cikin kwalekwalen da ya mai da mu jirgi, mun kusa kama tsani, sai yaya ya ce mini da Hausarmu, "Kai wane, naka tsohon mi ya yi maka?" Daga ranar na riƙa kauce masa, in yana wannan gefen jirgi ina wancan.

Ya kamata in daina zuwa shagon. Amma abincin jirgi ya ishe ni, kuma, in faɗi gaskiya, gaisuwar hannu biyun nan ta yi mini daɗi. Na koma ni kaɗai.

Ranar na tarar da tsohon ba ya ɗinki. Ya ce in biyo shi cikin gida. A wani ɗaki mai ƙaramar taga matarsa tana kwance a kan gadon igiya, an lulluɓe ta da zane. Tsohuwa ce ƙarama, idanunta sun yi rawaya, tana numfashi da ƙyar. Ita ce take dafa mini shinkafar nan kafin ciwon ya kwantar da ita, ban taɓa ganinta ba sai ranar. Tsohon ya ce zazzaɓi ne yake tafiya yana dawowa, malamansu sun yi nasu. Ya ɗauko allo da alƙalami da tawada ya ajiye a gabana.

Ya ce, "Ɗana, rubuta mata abin da mahaifinka yake rubuta wa marasa lafiya. Addu'ar mutanenku ba ta faɗuwa ƙasa."

Ko alif ban iya rubutawa ba. Na riƙe alƙalamin. Tsohuwar ta juyo da kai tana kallona. A nan ya kamata in faɗi gaskiya, in ce akwai ɗan malami na gaske a jirgi, bari in kira shi. Maganar ta zo mini har baki. Amma sai na ajiye alƙalamin na ce mahaifina bai ba ni izinin rubutu ba tukuna, sai dai ina da abin da ya fi rubutuna.

Akwai laya a damtsena, a ƙarƙashin rigar kaki. Ranar da za a tafi da mu Madawa mahaifina ya raka ni har bayan gari, ya ɗaura mini ita da hannunsa, ya ce kada in raba ta da jikina. Ban san abin da ke ciki ba, amma na san ba aya ba ce. Na kwance ta na miƙa wa tsohon, na ce mahaifina ne ya rubuta ayoyin waraka a ciki. Ya karɓa da hannu biyu, ya sumbace ta, ya ɗora a goshinsa. Na tofa wa tsohuwar Fatiha, na fito da sauri, ko abincin da aka ajiye mini ban tsaya ci ba.

Kwana biyu ban sauka ba. A na uku sarzan ya ce an gyara inji, gobe da safe za mu tashi, wanda ke da sauran abin saye ya sauka yau. Na yi ta jinkiri, daga baya na shiga kwalekwale.

Tsohon yana shago yana ɗinki. Ya amsa sallamata kamar kullum, ya matsa mini a tabarma. Na tambayi mai jiki, ya ce tana nan yadda take. Sannan ya buɗe akwatin zarensa ya fito da wani ɗan ƙunshi. Layata ce, amma an sake mata riga da sabon farin ƙyalle mai kauri, an bi gefenta da ɗinki ƙanana irin na hula.

Ya ce, "Fatar ta ruɓe, gishirin teku ya ci ta. Na ce bari in sake mata kafin in ɗaura wa tsohuwa. Da na farke sai abin ciki ya zubo."

Ya ajiye ƙunshin a kan tabarma tsakaninmu.

Ya ce, "Saiwa ce, da gashin akuya, da ɗan ƙaramin dutse. Duk na mayar, ban rage komai ba."

Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Na ce, "Baba, ƙarya na yi maka. Mahaifina ba liman ba ne. Ko salla ba ya yi. Manomi ne, yana yanka wa dutse bunsuru. Ni ma Fatiha da sura biyu kaɗai na iya."

Ya ci gaba da zura allura, ya yi ɗinki uku ko huɗu kafin ya yi magana.

"Shi ya ɗaura maka?"

Na ce shi ne.

Ya ce, "To don me ka ba ni? Yaƙi za a kai ka. Mutum ya ba ɗansa abin da yake da shi, ɗan kuma ya kyautar a hanya." Ya girgiza kai. "Miƙo hannunka."

Na naɗe hannun riga, ya ɗaura mini ita a inda take, ya ja igiyar ya ƙulle. Bai zage ni ba, bai kuma ce ya yafe ba. Ya kira wata maƙwabciya ta kawo shinkafa, ya zuba mini ruwa na wanke hannu kamar ranar farko. Wani mutum ya leƙo ya gaishe ni da hannu biyu, tsohon bai tona mini asiri ba. Da la'asar ta yi muka tafi masallaci tare, ya tsaya a gefena. Bayan salla na yi masa ban kwana, ya ce Allah ya kai ni gida in tarar da mahaifina da rai.

Da na koma jirgi na nemi yaya na faɗa masa komai, har zancen allo. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce, "Ƙaryar da ka yi da sunan tsohona ban damu ba. Amma mace na kwance, ka san na iya rubutu, ka yi shiru?" An riga an ɗage tsani, ba mai sauka kuma. Ya samo takarda a wurin mai dafa abinci, ya yi alwala, ya zauna ya rubuta ayoyi da fensir, ya naɗe.

Da safe masu kwalekwale suka zo sayar da ayaba kafin mu tashi. Yaya ya ba ni takardar ya ce ni zan aika. Na sa ta a cikin gwangwani, na zura da igiya ga wani masunci, ina nuna masa gari da hannu, ina kwatanta ɗinkin hula a kaina, ina faɗin tela da Faransanci. Ya karɓa ya ɗaga kai, ya faɗi wani abu da ban ji ba. Jirgi ya yi kuka muka juya.

Ban san ko takardar ta isa ba, ban kuma san ko tsohuwar ta tashi ba. Na shekara biyu a Madagaskar, kuma da za a dawo da mu ta wata hanya aka bi. Na tarar da mahaifina da rai, ya tsufa, yaransa ke kai shi gona a kan jaki. Ya tambaye ni labarin ƙasashen da na gani, na ba shi labarin teku da kwakwa da garin da kowa ke salla. Ya ce, "Sun karɓe ka da kyau?" Na ce sun karɓe ni da kyau. Har ya rasu ban faɗa masa sauran ba.