Hannun da Ba a Wanke Ba

Shekarar 'yata huɗu lokacin da korona ta shigo Tamale. Na ajiye bokiti mai famfo a ƙofar gidanmu a Aboabo, na kafa mata doka: kar ta ba kowa hannu sai ta wanke. In ta manta, sai tsawa.

Bayan ciwon ya lafa, kowa ya yar da takunkumi, mahaifiyata ta zo daga ƙauye. Yarinyar ta durƙusa ta gaishe ta yadda ya kamata. Tsohuwa ta ji daɗi, ta kamo hannunta tana sa mata albarka. Tana saki, yarinyar ta ruga wajen bokitin, ta hau dirzar hannu da sabulu.

Mahaifiyata ta juya tafin hannunta gaba da baya. Ta tambaye ni, "Dauɗa gare ni ne?"

Kunya ta rufe ni, raina ya ɓaci. Na fizgo yarinyar na ce, "Kakarki ce fa! Wa ya koya miki wannan wulaƙancin?"

Ta ɗago hannuwanta, kumfa na ɗiga. Ta ce, "Mma, ke kika ce hannun yara ne ke kashe tsofaffi. Ban wanke ba ta taɓa ni. Kaka za ta mutu?"

Lallai na taɓa faɗa mata hakan, sau ɗaya, don ta daina yi mini gardama. Ni na manta tun ranar. Ita ko tana ɗauke da maganar ita kaɗai, ban sani ba.