Kawu Orijinal da Karensa Gambiza

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya yi shekara talatin da ɗoriya yana gyaran agogo a wani ɗan shago da ya fasa a jikin katangar gidansa. Shagon bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Akwai tebur ɗaya, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da kwalabe cike da ƙananan kusoshi, sai agogunan bango bakwai da ba ya yarda ko ɗaya ya riga ɗan'uwansa da daƙiƙa. In ka kawo masa gyara, zai maƙala gilashinsa a ido ɗaya, ya buɗe bayan agogon, ya ɓata fuska kamar likitan da ya ga abin da ba ya son faɗa. Can sai ya tambaye ka wane mara tsoron Allah ne ya sa maka wannan jabun batir. Shi dai komai sai orijinal, tun daga takalmi har ƙwan fitila. A haka sunan ya bi shi, har jikokinsa ma Kaka Orijinal suke ce masa.

Matarsa, wadda muke kira Inna, ita ce kaɗai a duniya ba ta ɗauki maganarsa da zafi ba. Yana faɗa tana dariya, kuma a haka suka tsufa tare.

Bayan 'ya'yansu sun watse, kowa ya kama gidansa, Kawu ya fara zancen yana son kare. Ya ce shagon cike yake da amanar mutane, ga shi ƙarfi ya fara ja baya. Ana cikin haka wani direban babbar mota da ya daɗe yana kawo masa gyara ya zo da ɗan kwikwiyo a cikin kwali, ya ce kyauta ce. Ya rantse masa cewa irin karnukan 'yan sanda ne tsantsa, uwa da uba, in ya girma sai ya kai wa mutum ƙugu. Kawu, mutumin da ke gane jabun batir tun daga bakin ƙofa, ya karɓa hannu biyu. Ya raɗa masa suna Janar.

Ya gina masa ɗaki da katako a gindin bishiyar tsakar gida, ya auna kowane gefe da tef. Ya tsara masa lokacin abinci, bakwai na safe da biyar na yamma, ba ƙari ba ragi. Duk ranar Asabar zai tsayar da shi a jikin bango ya ja layi da alli daidai kafaɗarsa, don ya ga yadda tsawo ke tafiya.

Karen ya girma, amma kowane sashe na jikinsa da nasa ra'ayin. Kai ya riga kowa, ya zama ƙato. Gangar jiki ta miƙe ta yi tsawo kamar an ja ta. Kunnen dama ya tashi tsaye, na hagu ya ce shi ba da shi ba, ya kwanta abinsa. Wutsiya ta nannaɗe a gadon baya. Ƙafafu kuwa, a wata na biyar suka ajiye aiki. Layin alli ya tsaya wuri ɗaya mako bayan mako, har Kawu ya fara ɗan ɗaga hannu in zai ja, yana zaton ba wanda ke kallo.

Inna ta ce wannan ai haɗin gambiza ne, kuma daga ranar ta koma kiransa Gambiza. Tun da ita ce mai kankare tukunya, sunanta ne ya kama. Kawu zai tsaya a tsakar gida ya yi ta kiran Janar, kare na kwance yana kallonsa da ido ɗaya. Inna ta leƙo daga kicin ta ce Gambiza sau ɗaya, sai ka gan shi a guje, ciki na share ƙasa.

Ranar da aka kai shi rigakafi, ni na ɗauke su a motata. Likitar dabbobin, wata matashiya mai fara'a, ta ɗauko kati tana cikewa, ta tambayi irinsa. Kawu ya gyara tsayuwa ya ce irin na 'yan sanda ne. Ta dubi karen, ta dubi Kawu, ta zagaya tebur ta sake dubansa ta baya.

"Baba, wataƙila kakansa ya taɓa wucewa ta gaban ofishinsu," in ji ta.

Ta rubuta ruwa biyu a katin, ta ce ma ta yi masa ragi ne, don ita ta ƙirga huɗu. Ta ƙara da cewa irinsu sun fi juriya, ba su cika laulayi ba, a dai kula da kaska, a ba shi maganin tsutsa kan kari, a rage masa maiƙo saboda dogon bayan nan. Sai da muka iso gida Kawu ya ce yaran yanzu ba su san aiki ba.

Amma duk abin da ta faɗa sai da ya yi. Kullum da hantsi, in ciniki ya lafa, zai zauna a bakin shago, kare ya ɗora haɓa a kan ƙafarsa, shi kuma ya maƙala gilashin gyaran agogo yana bin kunnuwan da hantsaki, yana cire kaska ɗaya bayan ɗaya yana jefawa a kwalbar kananzir. Ya ware hantsaki guda musamman, ya ɗaura masa jan zare don kada ya haɗu da na aiki. Ranar wanka kuwa sai an rufe ƙofar gida, don da Gambiza ya ji ƙarar bokiti yake neman hanyar gudu. Gadi dai bai taɓa yi ba. Baƙo in ya shigo, rakiya yake yi masa har ƙofar falo. Abu biyu kawai yake yi wa haushi, injin niƙan Inna da wani agogon bango na shago mai fito da tsuntsu.

Maƙwabcinsu na jikin katanga wani tsohon manajan banki ne, kowa Manaja yake ce masa. Yana da karya fara sol mai dogon gashi, sunanta Gimbiya, wadda ke da takardun asali a cikin fayil, da hoto da hatimi. Shamfu ɗinta daban, buroshinta daban. Manaja ya sha tsayawa a bakin shago yana tambayar Kawu, cikin ladabi mai ciwo, ko an gano sauran ƙafafun. Ya kuma sanar da duk layin cewa ya samo wa Gimbiya miji mai takardu irin nata, watanni kaɗan suka rage a kawo shi.

Ba a kai ga kawo shi ba Gimbiya ta haihu, 'ya'ya biyar.

Bayan mako shida Manaja ya yi sallama da safe, riƙe da kwando. Bai zauna ba. Ya ajiye kwandon a tsakar gida ya ɗaga tawul. Ga ɗan kwikwiyo fari mai laushin gashi, da ƙaton kai, da dogon baya, da ƙafafu kamar an yanke su da almakashi.

Kawu ya shiga shago ya ɗauko gilashinsa, ya durƙusa, ya duba ɗan kwikwiyon tun daga hanci har wutsiya. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa ya ce shi bai ga kama ba. Ya ce kuma a yi maganar hankali, katangar nan ta fi shi kansa tsawo, karen da ba ya iya hawa matakalar shago sai an tallafa masa ta ina zai tsallake ta? Manaja ya ɗaga kai ya dubi katangar, don shi ma abin da ya hana shi barci ke nan.

Inna ce ta fito tana goge hannu da gefen zani. Ta gaishe da Manaja, ta tambayi mai jego. Sannan ta taka zuwa bayan tankin ruwa ta janye wani tsohon faranti da ke jingine da bango. Rariya ce, wadda ruwan wanki ke bi ya fita ta gidan Manaja. An fafe ta ta yi faɗi, gefenta ya yi sumul, ga jan gashi maƙale a siminti.

"Tun yaushe kika sani?" in ji Kawu.

"Tun ranar da ya fara dawowa yana ƙanshin shamfu."

"Shi ne ba ki faɗa ba?"

"Ka ce na 'yan sanda ne. Na ɗauka sintiri yake zuwa."

Manaja ya so ya riƙe fushinsa, amma Gambiza ya zo ya shinshina kwandon, ya zauna kusa da shi, uba da ɗa suka karkata kai gefe guda suna kallonsa. Dariya ta ƙwace masa har sai da ya dafa tanki.

A makon nan Kawu ya toshe rariyar da ragar ƙarfe, ya kuma mayar da Gambiza wurin likitar nan aka yi masa fiɗiya. Kwana goma yana jinyarsa, yana duba ɗinkin safe da yamma, yana ba shi haƙuri a kan abin da shi ya sa aka yi. Manaja ya riƙe ɗaya daga cikin 'ya'yan, ya ce sauran huɗun aikin dangin uba ne. Inna ta koma kiransa surukinmu, shi kuma ya daina zancen ƙafafu. Da yamma sukan fita zagaya layi tare, kowa da igiyarsa, suna gardamar a wurin wa ɗan ya gado rashin jin magana.

Kawu ya raba uku daga cikin huɗun ga masu kawo masa gyara, bayan ya yi wa kowannensu tambayoyi kamar mai ba da aure: akwai inuwa a gidan, wa zai riƙa ba da ruwa, an san inda asibitin dabbobi yake? Akwai ma wanda ya hana, don ya lura agogonsa ya sha ruwa sau biyu, ya ce wanda bai iya riƙon agogo ba ba zai iya riƙon rai ba.

Ni labarin kawai na je ji. Na sha shayi, na yi dariyata, na yi musu sallama. Sai da na kai rabin hanya na ji motsi a kujerar baya. Ta ƙarshen ce, mace, a cikin kwali, da kwanonta, da katin rigakafinta, da takarda a rubutun Kawu mai ɗauke da lokutan abinci. Na kira shi a waya, ya ce ba ya ji sosai, layin ba kyau. A bayansa ina jiyo Inna tana tambaya ko na gani.