Yadda Muka Bar Bakin Kwatar Sharaɗa

Duk zaman da muka yi a Sharaɗa, ban taɓa kwashe shanya na ji ƙamshin sabulu a jikinta ba. Gidan da muke haya yana bakin babbar kwatar da ke kwaso ruwan masana'antu, yau ja, gobe shuɗi, jibi baƙi ƙirin da kumfa a kai. Maigidana Malam kuma a kamfanin jimar fata yake aiki a Challawa, saboda haka wari biyu muke sha, na kwata da wanda yake shigowa da shi a riga. Wari ne kamar an kwaɓa ruɓaɓɓen ƙwai da mushe. Ƙudajen unguwar manya ne, kore shar, kafin ka kai loma baki sun riga ka sauka a kan tuwo.

Babbar 'yarmu tana fama da asma. A daminar da ta gama sakandare kwatar ta yi ambaliya har cikin gida. Washegari na zura guga a rijiya, ya fito da gashin akuya, ga wani farin maiƙo yana yawo a saman ruwan. A nan bakin rijiyar na durƙusa na yi ta amai.

Da Malam ya dawo na ce, "Ni fa na gama zaman unguwar nan."

Ya ce, "To ina za mu?"

Na ce, "Ƙaramin gari, inda iska take da kyau, kuma akwai kwaleji kusa, yarinyar nan ta riƙa zuwa daga gida."

Sai muka mai da ranar Lahadi ranar yawon duba gari. Na farko can arewa yake, yana da kwalejin horar da malamai, amma rana kamar ta fasa kai, babu inuwar kirki, ruwan kuma gishiri-gishiri. Bayan katangar kwalejin bola ce da kashi, har sai ka zaɓi wurin taka ƙafa. Ko zama ban yi ba.

Wani abokin aikin Malam ne ya ba mu labarin wani gari a kudu, mai duwatsu da itatuwan mangwaro, da kwalejin koyon aikin lafiya. Ranar zuwa na ciro atamfata mafi kyau daga ƙasan akwati, na turara ta. A mota matar da ke kusa da ni ta ja mayafi ta toshe hanci, ta zuge gilashi, tana ta tofar da yawu. Na ɗauka jiri ke damunta, har sannu na yi mata.

Garin kuwa sanyi lau, iska sai ka ce a sha. Aka kai mu gidan wata dattijuwa mai ba da haya. Bayan gaisuwa ta dube mu ta ce, "Ku majema ne?"

Na ce, "Hajiya, wa ya gaya muku?"

Ta ce, "Hancina, 'yar nan. Tun kuna zaure."

Na sunkuya na shinshina zanena, ban ji komai ba. Abin da ya fi damuna ke nan, ashe warin ya zama jikina har na daina jin sa. Ji na yi kamar in tuɓe fatata in yar.

Hajiya ta ba mu ɗaki biyu, da sharaɗin kada mu kawo mata katifunmu. Haka muka bar su jingine da katanga a Sharaɗa, muka yi makonni muna kwana a tabarma. Yarinyar ta sami shiga kwalejin, tarinta ya yi sauƙi sosai. Malam bai bar aiki ba, yana kwana da abokan aikinsa a Challawa, ya zo mana duk Asabar. Har yanzu mita yake wai sanyin garin ya yi masa yawa, ko da bazara sai na ciro masa bargo.