Baƙon da Ya Ƙi Ƙwaryar Surukina

Kaura Namoda

Ana sallame Asuba na tada a-kori-kura, na ɗauko Injiniya Mohan a masaukinsa. Ɗan Indiya ne mai gyaran famfon sola, kuma ni na ci alwashi gaban surukina, Ardon wata ruga kusa da Gurbin Bore, cewa zan kawo shi. Famfonsu ya mutu tun farkon damina, yara suna ta shan ruwan tafki, gudawa tana kayar da su. Ni kuwa in na ce zan kawo mutum, to ko a kafaɗa ne sai na kawo shi.

Zurmi

Mun wuce shingen sojoji biyu. A na biyu soja ya leƙo ya ce, "Direba, ina ka samo Bature?" Na ce, "Oga, wannan ko kusa da Turai bai taɓa zuwa ba." Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu.

Wajen ƙarfe takwas muka tsaya gun mai shayi. Injiniya ya sa aka zuba masa madara har ta kusa zuba. Yana kurɓa yana gaya mini cewa a addininsu na Hindu, littattafansu sun tsara ibada bisa yanayin shekara. Watanni huɗun damina malamansu kan daina yawo, kada su tattake tsiro da ƙwari. Sauran mutane kuma kowane wata da abin da suke bari: na farko ganye, na biyu nono mai tsami, na uku madara, na huɗu dangin wake. Yanzu yana cikin na biyu.

Na ce, "Ai ba baƙon abu ba ne. Mu ma in ruwa ya tsuge mukan haɗa Magariba da Isha'i."

Gurbin Bore

Hanyar duk caɓi ce, sau biyu muna turi. Da hantsi muka isa. Baffa Ardo ya sa aka shimfiɗa tabarma, matarsa Inna ta kawo fura da kindirmo a sabuwar ƙwarya. Injiniya ya haɗa tafin hannuwansa ya sunkuya, amma bai karɓa ba.



Baffa ya dube ni. "Sani, mi baƙonka ka nufi? Ƙyamarmu shika yi?"

"A'a, Baffa, ibada ce."

"Wanda yaƙ ƙi ƙwaryata ba shi taɓa rijiyata. Ku koma yadda kunka zo."

Na san halin Baffa, in ya kafe ko sa bai ja shi. Ga yara can kwance. Sai shayin Zurmi ya faɗo mini. Na ce, "Baffa, ba saniyarka ya ƙi ba. Mai tsami ne addininsa ya hana shi wannan watan. Madara kuwa, da idona na ga ya sha ɗazu."

Inna ba ta jira kowa ba. Ta sa aka kamo wata saniya da ba ta fita kiwo ba, ta tatsa, ta tafasa, ta juye a ƙwarya. Injiniya ya kafa kai, bai ɗago ba sai da ya ga gindinta. Baffa ya ce, "To, yanzu munka yi baƙo!"

Kafin La'asar famfo ya kawo ruwa, mata suna guɗa. Da za mu tafi Baffa ya ce wata mai zuwa zai aiko masa da madara jarka guda. Na ce, "Baffa, wata mai zuwa madarar ce ya bari, nonon ne ya halatta." Ya riƙe baki, ya juya wajen Inna: "Ke, aje mashi ƙwaryarshi. Bashi ne, sai ya dawo ya sha."

Mun shigo Kaura ana kiran Magariba. Na gode wa Allah, na gode wa Inna da saniyarta.